Kotun Iyali Mai Magance Tushen Matsala a Ingila da Aikin da Ake Yi da Iyaye a Cikinta

A Ingila doka ta ba ƙananan hukumomi ikon gurfanar da iyaye a gaban kotun iyali idan suka ga yaro yana cutuwa a hannunsu, kuma kotun tana iya raba yaron da mahaifansa na ɗan lokaci ko ma har abada. Wannan iko ya daɗe yana haifar da ruɗani, musamman a tsakanin baƙi mazauna ƙasar da danginsu da ke jin labari daga nesa. Wasu sun ɗauka cewa ma'aikacin gwamnati yana iya shiga gida ya ɗauki yaro duk lokacin da ya ga dama, alhali kuwa ba shi da wannan hurumi sai da izinin kotu ko yardar iyaye, in ban da 'yan sanda da doka ta yarje wa su tsare yaro a wuri mai aminci har tsawon awa 72 idan haɗari ya taso ba zato. Wasu kuma, da suka ji cewa akwai wata kotu da alƙalinta ke zama da iyaye masu shaye-shaye yana ƙarfafa musu gwiwa, sai suka yanke cewa sassauci ake yi wa masu sakaci ana barin yara cikin wahala. Kotun da ake nufi ita ce Kotun Iyali kan Miyagun Ƙwayoyi da Barasa, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta na FDAC, kuma abin da ya raba ta da sauran kotuna ya rataya ne a kan irin aikin da ma'aikatan jin daɗin jama'a ke yi da iyaye a tsawon shari'ar.

Ma'anar muhimman kalmomi

Shari'ar karɓar riƙo ita ce ƙarar da ƙaramar hukuma ke shigarwa a ƙarƙashin sashe na 31 na Dokar Yara ta 1989. Ta sha bamban da rigimar riƙon 'ya'ya da ke tasowa tsakanin miji da mata bayan mutuwar aure, domin a nan hukuma ce mai ƙara, iyaye kuma su ne ake ƙara, sannan ba shari'ar laifi ba ce balle a ɗaure wani. Kafin alƙali ya ba da umarni sai an gamsar da shi cewa yaron yana cikin mummunar cutuwa ko yana dab da faɗawa cikinta, kuma cutuwar ta samo asali ne daga irin kulawar da yake samu ko daga gagarar da ya yi wa iyayensa. Bayan haka ne zai duba abin da ya fi zama maslaha ga yaron, wadda sashe na 1 na dokar ya ɗora a kan komai.

Hukuncin yana iya zama umarnin riƙo, inda ƙaramar hukuma ke yin tarayya da iyaye a cikin alhakin yaro har ta zaɓa masa wurin zama, ko umarnin sa ido, inda yaro ke zama a gida hukuma tana bibiyarsa, ko kuma a danƙa shi ga kaka ko gwaggo ko wani ɗan'uwa a ƙarƙashin riƙo na musamman. Mafi tsanani shi ne a ba da izinin mayar da shi ɗan wasu mutane daban. Wannan ba irin riƙon da aka sani a ƙasar Hausa ba ne, inda yaro ke tashi a hannun kawu ko inna amma kowa ya san ubansa, domin a dokar Ingila matakin yana yanke dangantakar yaro da mahaifansa gaba ɗaya, shi ya sa Kotun Ƙolin Birtaniya ta jaddada a 2013 cewa ba a kai wa gare shi sai idan babu wata mafita da ta rage.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a ƙwararre ne mai horo da rajista, wanda aikinsa shi ne tantance halin da iyali ke ciki, da haɗa su da taimako, da kare yaro idan ta kama. A irin wannan shari'a akwai kuma wakilin yaro, wanda shi ma ma'aikacin jin daɗin jama'a ne, amma daga wata hukuma mai zaman kanta da ake kira Cafcass, wadda aka kafa a 2001, kuma shi ke faɗa wa kotu abin da ya ga ya dace da yaron ba tare da ya karkata ga hukuma ko ga iyaye ba. Ita kuwa kotu mai magance tushen matsala ita ce wadda ke amfani da ikon alƙali wajen matsa wa mutum lamba da tallafa masa a lokaci guda don ya rabu da abin da ya kawo shi kotu, maimakon ta tsaya ga auna hujjoji da yanke hukunci kawai.

Inda tsarin ya samo asali

Tunanin ya faro ne daga Amurka. A 1989 aka buɗe kotun farko ta masu ta'ammali da ƙwayoyi a Miami ta jihar Florida, bayan alƙalai sun gaji da ganin mutane iri ɗaya suna shiga gidan yari suna fitowa suna komawa, kuma a tsakiyar shekarun 1990 aka kai salon kotunan iyali, inda birnin Reno na jihar Nevada ya kasance cikin na farko. Masana biyu, David Wexler da Bruce Winick, sun samar wa yunƙurin madogara ta ilimi da suka yi bayanin cewa yadda ake gudanar da shari'a shi kansa yana iya zama magani ko ya ƙara ciwo, yayin da binciken Tom Tyler ya nuna cewa mutane sun fi bin hukuncin da suka ga an saurare su an kuma mutunta su wajen yanke shi, ko da bai yi musu daɗi ba.

A Birtaniya, wani rahoto da kwamitin ba gwamnati shawara kan miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 350,000 ne ke da uwa ko uba mai mummunar jarabar ƙwaya. Wanda ya ɗauki lamarin da zafi shi ne wani alƙalin kotun iyali a Landan mai suna Nicholas Crichton, wanda ya sha bayyana takaicinsa kan yadda yake karɓe jariri daga hannun uwa, bayan shekara ɗaya ko biyu ta dawo gabansa da wani jaririn da matsala iri ɗaya, har ya taɓa yanke hukunci a kan ɗa na 14 na mace guda. Abin da ya dame shi shi ne a kotun da aka saba ana tura uwa wurin ƙwararre ya gan ta sau ɗaya ko biyu, ya rubuta dogon rahoto cewa tana bukatar jinyar da za ta ɗauki lokacin da yaro ba zai iya jira ba, sannan babu wanda aka ɗora wa alhakin sama mata jinyar. A watan Janairun 2008 aka buɗe FDAC ta farko a kotun da ke titin Wells a Landan, da haɗin gwiwar ƙananan hukumomin Camden da Islington da Westminster, tawagar ƙwararrun kuma ta fito daga cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Tavistock and Portman da ƙungiyar jinƙan yara ta Coram.

Yadda shari'ar ke gudana

Ƙaramar hukuma ce ke zaɓar shari'ar da za ta tura FDAC, amma iyaye suna da zaɓin karɓa ko ƙi, kuma idan suka ƙi sai shari'ar ta bi hanyar da aka saba. Doka ɗaya ake bi, sharuɗɗan sashe na 31 ba sa canzawa, kuma kowane ɓangare yana da lauyansa, na iyaye ma gwamnati ce ke biya. Da zarar iyaye sun amince sai tawagar ta fara tantance su cikin makonnin farko, tawagar da ta ƙunshi ma'aikatan jin daɗin jama'a, da ƙwararru kan jaraba, da masanin halayyar ɗan Adam, da likitan ƙwaƙwalwa, da mai horo kan cin zarafi a cikin gida. Daga nan a yi taro da iyaye da ƙaramar hukuma da wakilin yaro da cibiyoyin jinya a tsara abin da kowa zai yi da lokacin da zai yi shi. Wannan tsari, wanda ake kira gwajin canji, shi ne ƙashin bayan shari'ar, domin maimakon a yi hasashen ko uwa za ta iya gyarawa, ana ba ta jinyar ne a kuma zuba ido a gani.

Duk mako biyu iyaye suna bayyana a gaban alƙali ɗaya wanda ke riƙe da shari'ar daga farko har ƙarshe, kuma a wannan zama babu lauyoyi. Alƙali yana da ɗan gajeren rahoto daga tawagar a gabansa, yana kiran uwa da sunanta, yana tambayarta yadda ziyarar da ta kai wa ɗanta ta kasance, da dalilin da ya sa ba ta je wurin jinya ranar Talata ba, ita kuma tana amsawa da bakinta. Idan ta cika wata guda ba ta sha komai ba yakan yaba mata a gaban kowa, idan kuma gwaji ya nuna ta koma ruwa yakan tambaye ta abin da ya faru a ranar, sannan ya tuna mata makonnin da suka rage. Ba a yanke hukuncin doka a wannan zama. Ana rubuta abin da aka tattauna a aika wa lauyoyi, duk wata taƙaddama kuma, kamar ta ƙara lokacin ziyara ko ta sauya wa yaro wurin zama, sai an kira zama da lauyoyi.

Gwaje-gwajen suna da yawa kuma a kai a kai ake yin su. Akwai na fitsari da na yawu da na numfashi, akwai na jini mai nuna shan barasa na makonnin baya, wani lokaci kuma akan ɗaura wa mutum na'ura a idon sawu mai auna barasa ta gumi. Akwai kuma gwajin gashi, wanda ya dogara a kan cewa gashin kai yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, don haka tsawonsa yana ba da labarin watannin da suka wuce. Wannan gwaji yana da nasa rauni, domin rini yana iya rage abin da ake gani, baƙin gashi kuma ya fi riƙe wasu ƙwayoyi fiye da fari, abin da ya sa bai kamata a ɗauke shi hujja shi kaɗai ba, musamman a kan iyaye baƙar fata.

Ma'aikata biyu a kan iyali ɗaya

A shari'ar da aka saba, ma'aikacin ƙaramar hukuma yana cikin wani matsayi mai wuya. Shi ne ya shigar da ƙara, shi ke rubuta hujjojin da ke nuna gazawar iyaye, shi lauyan iyaye zai yi wa tambayoyin ƙure, kuma shi ɗin dai ake sa ran zai shiga gidan ya zauna ya taimaka. Uwar da ta san duk abin da ta faɗa yana iya fitowa a takardar kotu ba za ta ce ta sha giya jiya ba, kuma idan aka gano ta ɓoye, sai ɓoyewar ta zama sabuwar hujja cewa ba ta da gaskiya ba ta kuma ba da haɗin kai. Binciken da Donald Forrester da abokan aikinsa suka yi kan yadda ma'aikata ke magana da iyaye ya gano cewa da yawansu suna yawaita tambayoyin tuhuma da jero damuwa, ba sa nuna sun fahimci abin da ake faɗa musu, kuma wannan salo yana ƙara taurin kan da suke kuka da shi.

FDAC ta raba wannan kaya gida biyu. Ma'aikacin ƙaramar hukuma yana nan a matsayin mai kula da yaro: shi ke ziyartarsa a inda aka ajiye shi, shi ke tsara ganawa da iyaye, shi ke binciken dangin da za su iya riƙo, shi ke shirya abin da za a yi idan gwajin bai yi nasara ba. Tawagar FDAC kuwa ba ta ƙarƙashin masu ƙara, kuma tana ware wa kowace uwa ko uba ma'aikaci guda da zai riƙa ganin su kusan kowane mako. Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan, wato a ɗauka wannan ma'aikaci aminin iyaye ne da zai rufa musu asiri. Tun ranar farko yana gaya musu cewa duk abin da ya gani ko ya ji zai kai wa alƙali, kuma tawagarsa ce za ta ba da shawarar ƙarshe kan ko a mayar da yaro ko kada a mayar. Amanar da ake ginawa ta tsaya ne a kan cewa ba za a yi musu kwanton ɓauna ba, domin abin da za a faɗa a kotu an riga an faɗa musu ido da ido, kuma faɗin gaskiya game da komawa ruwa yana cikin abin da ake lissafa musu a matsayin ci gaba.

Salon maganar da tawagar ta fi dogara a kansa shi ne wanda William Miller da Stephen Rollnick suka tsara, wanda ake iya kira hirar zaburarwa, wato a jawo mutum ya furta dalilan canjinsa da bakinsa maimakon a yi masa wa'azi. A ce gwajin wani uba ya nuna hodar iblis bayan mako shida yana tsaf, ya kuma dage cewa bai taɓa ba. Ma'aikacin ba ya musun sakamakon kuma ba ya shiga gardama. Yana iya cewa ya lura mako shidan nan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, ya tambaye shi me ya bambanta wannan mako da na baya. Sau da yawa daga nan ake jin cewa ranar ce aka soke ziyarar ɗansa, ko takardar kora daga gidan haya ta iso, ko wani tsohon aboki ya buga waya. Da an san haka sai tsarin ya canza, a tanadi wanda zai kira a irin wannan rana, a kuma rubuta wa ofishin gidaje. Sakamakon gwajin yana shiga rahoto kamar yadda yake, amma tare da bayanin abin da ya jawo shi da abin da uban ya yi bayansa, wanda ya fi amfani ga alƙali fiye da lamba tsirara.

A ƙarƙashin wannan duka akwai ƙoƙarin fahimtar abin da ƙwaya ko barasa ke yi wa mutum a rayuwarsa. Yawancin iyayen da ke zuwa wannan kotu suna ɗauke da tsohon miki: wasu a hannun hukuma suka tashi, wasu an ci zarafinsu suna yara, mata da yawa suna zaune da namijin da ke dukansu wanda kuma shi ne ke kawo musu ƙwayar. Uwar da ke sha don ta samu barci ba za ta daina ba sai an taɓa abin da ke hana ta barcin. Wasu tawagogi suna kuma da iyayen da suka taɓa bi ta irin wannan hanya suka fita lafiya, waɗanda ke aikin sa kai suna raka sababbi, kuma maganarsu tana shiga inda ta mai digiri ba ta shiga.

Rabon aikin yana da nasa rikici, kuma bai dace a ɓoye shi ba. Iyaye sukan ɗauki ma'aikacin FDAC a matsayin na kirki, na ƙaramar hukuma kuma mugu, abin da ke ɓata wa na biyun rai tunda shi ke ɗauke da iyalai da yawa ba tare da irin lokacin da tawagar ke da shi ba. Wanda ke ganin uwa kowane mako yana kallon faɗi-tashinta yana iya cika kyautata zato, wanda kuma ke ganin yaro yana firgita bayan kowace ziyara yana iya yanke ƙauna da wuri, kuma kowannensu gaskiya yake gani, sai dai rabinta. Ba dole ne ƙaramar hukuma ta yarda da shawarar tawagar ba, wani lokaci har a gaban alƙali suke saɓawa. Wani abin lura kuma shi ne zaman mako biyu yana tona asirin hukuma kamar yadda yake tona na iyaye, domin alƙalin da ya tambayi uwa dalilin rashin zuwanta jinya zai juya ya tambayi ma'aikaci dalilin da ya sa binciken kakar yaro bai kammala ba.

Matsalar lokaci

Bayan nazarin da David Norgrove ya jagoranta a 2011 ya nuna cewa irin waɗannan shari'o'i suna wuce shekara guda ba a gama ba, Dokar Yara da Iyalai ta 2014 ta ƙayyade musu mako 26, tare da damar ƙarin mako 8 a kowane karo idan adalci ya bukaci haka. Dalilin ƙayyadewar mai ƙarfi ne, domin jaririn da ke jira yana shaƙuwa da wanda ke riƙe da shi, kuma kowane wata da ya wuce yana ƙara wuyar mayar da shi ko sauya masa gida. Sai dai rabuwa da jarabar da aka shekara goma a cikinta ba ta bin wannan jadawali, komawa ruwa kuma abu ne da masana jaraba suka san yana cikin tafiyar murmurewa. Sir James Munby, wanda ya shugabanci ɓangaren iyali na Babbar Kotu daga 2013 zuwa 2018, ya ambaci shari'o'in FDAC a wani hukunci na 2014 cikin waɗanda ƙarin lokaci zai iya halatta a kansu, muddin akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa uwa ko uba sun himmatu, za su iya ɗorewa, kuma canjin zai zo cikin lokacin da yaron zai iya jira. Saboda haka tambayar da ma'aikaci ke amsawa a wajajen wata na huɗu ko na biyar ita ce mafi nauyi a aikinsa, wato ko ci gaban da ake gani ya isa a ƙara wa yaro jira. Akwai iyayen da ke gyaruwa da gaske amma a makare, kuma ma'aikacin da ya raka su tun farko shi ne zai zauna ya gaya musu cewa tawagar ba za ta ba da shawarar mayar da yaron ba.

Abin da bincike ya nuna

Farfesa Judith Harwin da tawagarta, da tallafin Gidauniyar Nuffield, sun bi diddigin kotun Landan suna kwatanta ta da shari'o'in da suka bi hanyar da aka saba. Rahotonsu na 2014 daga Jami'ar Brunel ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na matan FDAC sun daina shaye-shaye a ƙarshen shari'a, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 25, sannan kashi 35 sun daina an kuma mayar musu da 'ya'yansu, a ɗaya ɓangaren kashi 19. Bibiyar da suka wallafa a 2016 daga Jami'ar Lancaster ta ƙiyasta cewa cikin matan da aka mayar wa 'ya'ya, kashi 58 na FDAC za su ɗore ba su koma ba har shekara biyar, sauran kuma kashi 24. A 2023 wani nazari na ƙasa baki ɗaya da cibiyar NatCen ta gudanar ya samu kashi 52 na yaran FDAC sun koma hannun masu riƙonsu na asali, a kotun da aka saba kuma kashi 12.5, haka nan shari'o'in da suka ƙare da jayayya sun yi ƙasa ƙwarai.

Waɗannan alƙaluma suna da daɗin ji, amma suna bukatar karatu da natsuwa. Masu nazarin 2023 da kansu sun yi gargaɗin cewa ba za su iya tabbatar da cewa FDAC ce ta haifar da bambancin ba, saboda ba ta hanyar ƙuri'a aka raba iyalan ba kuma bayanan ɓangarorin biyu ba su yi daidai ba. Hukuma ce ke zaɓar wanda za ta tura, iyaye kuma su ke yarda, don haka mai yiwuwa ne tun farko waɗanda suka fi shirin canzawa ne ke shiga. Alƙaluman Landan kuma sun nuna cewa ko a FDAC mafi yawan matan ba su samu 'ya'yansu ba, wanda shi kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa kotu ce ta sassauci.

Saɓanin ra'ayi

Magoya bayan tsarin suna cewa ko ba a mayar da yaro ba an yi adalci, domin iyaye sun samu dama ta haƙiƙa, hujjar da aka yanke hukunci da ita kuma an gan ta da ido tsawon watanni. Suna ƙarawa da batun kuɗi: cibiyar Centre for Justice Innovation ta ƙiyasta a 2016 cewa duk fam 1 da aka kashe a kotun Landan yana rage wa gwamnati asarar fam 2.30 cikin shekara biyar.

Masu suka daga ɓangaren lauyoyi suna tambaya ko uwar da ake shirin karɓe wa ɗa tana da zaɓi na gaskiya, kuma ko ya dace ta yi magana a gaban alƙali ba lauya a gefenta alhali maganar tana shiga kundin shari'a. Suna kuma ganin haɗari a alƙalin da ya yi watanni yana ƙarfafa wa mutum gwiwa ya zama shi ne mai yanke hukunci a ƙarshe, ko dai tausayi ya rinjaye shi ko jin an yaudare shi. Amsar da ake ba su ita ce sanin iyalin da alƙalin ya yi shi ne ke sa hukuncinsa ya fi inganci, kuma binciken Harwin ya ji daga bakin iyaye, har da waɗanda suka rasa 'ya'yansu, cewa sun fi ganin adalci a wannan salo. Amsar tana da ƙarfi, amma ba ta kawar da bukatar lauyoyi su riƙa karanta bayanan kowane zama da idon basira ba.

Suka ta biyu, wadda ta fi zurfi, ta fito ne daga cikin masana aikin jin daɗin jama'a. Suna cewa abin mamaki ne a ce sai iyali ya kai bakin rasa ɗa sannan zai samu likitan ƙwaƙwalwa da mai bibiya kowane mako, alhali da an ba shi wannan taimako shekara biyu kafin nan da ba a je kotu ba. Suna kuma nuni da cewa talauci da rashin matsuguni suna ƙarƙashin yawancin waɗannan shari'o'i, kuma babu hirar zaburarwar da za ta biya kuɗin haya. Wannan magana tana da gaskiya, sai dai ba ta warware tambayar ko nauyin kotu da idon alƙali su ne ke sa wasu iyaye su tsaya a jinyar da suka sha gudu a baya ba.

Bayan an rufe shari'a

Binciken Karen Broadhurst na Jami'ar Lancaster ya gano cewa kusan mace ɗaya cikin huɗu da aka yi wa shari'ar karɓar riƙo tana dawowa kotu cikin shekara bakwai, galibi da sabon jariri. Dalili ɗaya shi ne ma'aikacin ƙaramar hukuma na yaro ne, don haka idan yaro ya tafi shi ma ya tafi, uwa ta rage da baƙin ciki ba mai leƙa ta. Shirin Pause, wanda ya fara a Hackney a 2013, yana aiki da irin waɗannan mata na tsawon wata 18, ko da yake sharaɗin da ya zo da shi na amfani da maganin hana ɗaukar ciki ya jawo masa muhawara. Su ma waɗanda aka mayar wa 'ya'ya tsugune ba ta ƙare musu ba, domin bibiyar 2016 ta nuna cewa shekara biyu na farko bayan shari'a su ne mafi haɗari, lokacin da zaman mako biyu ya tsaya, gwaji ya ragu, ɗawainiyar reno kuma ta dawo gaba ɗaya. Umarnin sa ido da akan haɗa da mayarwar yana aiki ne na shekara ɗaya, ana iya sabunta shi har zuwa uku, amma abin da ke cikinsa ya danganta da ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma.

Ita kanta kotun ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Ofishin ƙasa da aka kafa a 2015 don yaɗa tsarin ya rufe a 2018 saboda rashin kuɗi, a shekarar da Crichton ya rasu, daga baya Centre for Justice Innovation ta karɓi aikin tallafa wa tawagogin. Har yanzu mafi yawan ƙananan hukumomin Ingila ba su da FDAC, kuma tushen matsalar shi ne ƙaramar hukuma ce ke biyan kuɗin tawagar, ribar kuma tana watsuwa zuwa kotuna da asibitoci da 'yan sanda, waɗanda ba dole ne su sa ko kwabo ba. Sakamakon haka, iyaye biyu masu matsala iri ɗaya a ƙananan hukumomi biyu maƙwabtan juna suna iya fuskantar shari'a iri biyu, ɗaya a ba shi gwajin canji na watanni, ɗayan kuma a yanke masa hukunci da rahoton ƙwararren da ya gan shi sau biyu.